Masu Laifi a Gonar Yayana

Yayana ya shekara ashirin da uku yana koyar da darasin noma a sakandaren da nake aiki, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin ɗalibi ya kira shi da sunansa na gaskiya ba. Malam Taki suke ce masa. Tun yana sabon malami suka laƙaba masa, saboda kusan kullum da buhun kashin kaji a bayan keke yake shigowa, warin ya riga shi isa ɗakin malamai. Da farko a ɓoye ake faɗa, daga baya har shugabannin makarantar suka ɗauka, shi ma ya koma amsawa. Ni kaɗai nake ce masa Yaya. Ni ce autar gidanmu, kuma shi ya samo min aikin buga takardu a ofishin shugaba, don haka duk takardar da ta shafe shi, ta alheri da ta tsiya, ta ƙarƙashin yatsuna ta bi. Na alherin ba su cika fayil ɗaya ba.

Baba manomi ne, irin wanda fartanya ta lanƙwasa wa baya tun bai tsufa ba. Da buri ɗaya ya sa Yaya a makaranta, kada ɗansa ya riƙe ƙota irin yadda ya riƙe. Likita yake so, in abin ya gagara ko ma'aikacin ofis mai gogaggen takalmi. Ranar da Yaya ya dawo daga kwaleji ya miƙa masa takardar shaida, Baba ya jujjuya ta, don ba ya karatu, ya tambayi abin da aka rubuta. Aka ce masa ilimin noma. Sai ya ce, "Wato tafiyar shekara goma sha shida ka yi don a koya maka abin da ka bari a ƙofar gida." Har Allah ya karɓi ransa, in maƙwabta suka tambaye shi me ɗansa ke koyarwa, kimiyya yake cewa.

Gonar makarantar eka biyu ce, a bayan ajujuwa, tsakanin katanga da banɗakunan ɗalibai. Lokacin da Yaya ya zo juji ce kawai: fasassun bulo, gwangwanaye, ledoji, ƙasa fara mai tauri kamar daɓe. Shekara uku ya yi yana tsince duwatsu da baro. Ya haƙa ramukan taki huɗu, duk ganyen da aka share a harabar makaranta da ɓawon da aka zubar a kicin nan yake kai su, ya haɗa da kashin kajin nan da ya ja masa suna. Ya raba gonar gida huɗu, inda ya sa masara bana wake zai sa baɗi, inda ƙasa ta gaji ya bar ta ta huta. A hankali ƙasar ta yi baƙi, ta yi laushi, ka kafta shebur sau ɗaya ka ga tana uku suna motsi. Sai ya damƙo ta a tafin hannu, ya matse, ya shinshina, ya taho har ofis wai in ji ƙamshi. Nakan ce masa hancina ba na aro ba ne, ya fita kada ya ɓata min takardu.

Darasin noma kuwa a wuyan gonar nan yake rataye. Duk bayan shekara uku masu duba makarantu suna zuwa, in ba su tarar da gona mai rai ba sai su soke darasin daga makarantar, malaminsa a nema masa wani abin yi. Sau bakwai suka zo a zamanin Yaya, sau bakwai suka tarar da gona fes, kunya a miƙe, ko tsinken ciyawa babu. Su rubuta yabo, in huda in sa a fayil. Abin da ba su taɓa tambaya ba shi ne wa ke nome ta.

Masu laifi ne ke nome ta. Haka Yaya ya tarar da tsarin, haka kuma kowa ya ɗauka daidai ne. Ƙarfe bakwai da rabi malamin horo, wanda yara ke kira Malam Ƙararrawa, zai ja get ya rufe. Duk wanda ya makara ya durƙusa, a rubuta sunansa, a damƙa masa adda ko fartanya, sai gona. Mai surutu a aji, gona. Wanda ya sa takalmin da ba na makaranta ba, gona. Wanda ya yi wa malami kallon banza, shi ma gona, kwana uku. A rana ba a rasa talatin ko arba'in. A taron safe kuma babu shugaban da ya zo ya tafi bai ja wa yara kunne da cewa wanda ya ƙi karatu fartanya na jiransa ba. Yaya na tsaye a layin malamai, hannuwa a baya, abokan aikinsa na satar kallonsa suna danne dariya.

Abin yana cin sa, na sani, ko da yake shi ba mai yawan magana ba ne. Yaron da ke cike da fushi ba ya bambance ciyawa da shuka, don haka bayan masu laifi sun tafi Yaya zai bi kunya kunya yana mayar da abin da suka tuge. Wannan da sauƙi. Babbar ɓarnar a takardar zaɓen darussa take fitowa, wadda ɗalibai ke cikewa in sun shiga aji huɗu, kuma ni nake haɗa ta. Farkon zuwansa sittin ke zaɓen noma. Suka koma arba'in, suka koma ashirin da biyar. Bara sha bakwai ne, kuma rabinsu ba zaɓa suka yi ba, sauran darussan ne suka ƙi ɗaukar su aka watso masa.

Ranar da ya fara fita da sha bakwan nan gona, ya buɗe sito yana raba fartanyu, sai wata yarinya da ake kira Barkono saboda kaifin bakinta ta ƙi miƙa hannu. Ta ce, "Malam, wane laifi muka yi?" Ba rashin kunya ba ce, tambaya take tsakaninta da Allah. Ta ce ita dai da wuri ta zo, kayanta a cike, ba ta yi surutu ba. Da azahar Yaya ya shigo ofis ya zauna a bencin baƙi, hula a gwiwa, ya ba ni labarin. Na yi dariya, don a kunnena abin dariya ne. Da na ɗago na ga fuskarsa dariyar ta maƙale min.

Washegari ya kawo min wasiƙa shafi huɗu da rubutun hannu. Na buga, na rage ta zuwa biyu, muna faɗa a kan kowane layi. Abin da yake nema bai wuce ɗaya ba: a daina tura masu laifi gona, duk wanda zai taka ta ya zama shi ya zaɓa. Ya sha faɗin haka da baki ga shugabannin baya, suna ce masa za a duba. Wannan karon sabon shugaba muke da shi, wata shida da zuwa, matashi mai farar mota da turare mai tsayawa a ofis bayan ya fita. Ya karanta a tsaye, ya ce shawara ce mai kyau, ya sa hannu nan take.

Saurin nan bai kwanta min ba. Sau biyu na hango shi da wani mutum mai igiyar awo suna bin katangar gona, kuma na buga masa takardu a kan ɗakin taro mai wurin ajiye motoci da yake mafarkin ginawa. Na ce wa Yaya in ka ga kare na shinshinar takalmi ɗauka zai yi. Ya ce wannan cutar masu buga takardu ce, karanta abin da ba a aike su ba. Malam Ƙararrawa ma, wanda abokinsa ne tun suna samari, ya tashi a taron malamai ya ce eka biyu, yara sha bakwai, darasi biyu a mako na minti arba'in arba'in, anya Malam ya yi lissafi kuwa? Yaya ya ce gonar da aka nome da fushi ba ta koya wa kowa komai. Aka tafa masa, wasu da gaske, wasu don a tashi a tafi gida.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi min daɗi ba, abin ya yi aiki. Da damina ta sauka ya yanka wa kowane ɗaya cikin sha bakwan nan ɗan fili nasa a kusurwar da ke kusa da famfo, ya kafa turke da sunan mai shi. Ya ba su littafi, duk mako su auna tsawon shuka da rula su rubuta, su ƙirga ganye, su zana ƙwaron da suka kama. Ba a yi wata ba suka fara gardama a kan kabejin wa ya fi na wani kai. Lokacin hutun ƙarfe tara, maimakon su bi layin masu sayar da abinci, sai ka gan su tsugune a gona. Ranar Asabar uku ko huɗu suke zuwa ba wanda ya kira su. Barkono tumatir ta dasa, ta kafa masa sanduna ta ɗaure da tsumman tsohon hijabinta, har uwarta ta jawo wata rana ta zo ta gani. Yaya ya koma yaro. Ya ce min, "Auta, shekara ashirin da uku ina karɓar albashi, sai bana na fara koyarwa."

Sai dai ciyawa ba ta san an sa hannu a wasiƙa ba. Filayen yaran ko kashi ɗaya cikin huɗu na gonar ba su kai ba, sauran duk a kan Yaya ya dawo, mutum mai shekara hamsin da bakwai. Da ya idar da sallar asuba yake hawa keke, ya yi noma har a kaɗa ƙararrawa, ya wanke fuska a famfo ya shiga aji da wuyan riga a jiƙe. Kafin ya kai ƙarshen gona, farkonta ya sake rufewa. 'Ya'yansa maza biyu suka taya shi Asabar ɗaya, ta biyu ɗaya ya ce kansa ke ciwo, ɗayan ya ce yana da jarrabawa. Matarsa ta tare ni a kicin ta ce ta gaji da shafa masa man zafi a baya, in yi wa yayana magana tun bai faɗi a kunya ba, tunda ni yake ji. Ba ya jin kowa.

Ciyawa ta kai gwiwa, ta kai ƙugu. Masarar na nan a ciki, waken ma na nan, sai ka kutsa za ka gan su. Aka kashe maciji a bayan banɗakin mata, shugaba ya sa na buga sanarwa na liƙa a allo. Bai taɓa yi wa Yaya faɗa ba. In sun haɗu a baranda sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, ya gona?" ya wuce. Makararru kuwa an koma sa su tsintar takardu da wanke banɗaki, aikin minti goma, sauran lokacin suna zaune a inuwa. Sau biyu Malam Ƙararrawa ya ja Yaya gefe ya ce ga hannuwa arba'in na zaman banza, ya furta kalma ɗaya kawai. Sau biyu Yaya ya ce ya gode.

Ranar wata Litinin shugaba ya ajiye min takarda a tebur ya ce in sanar da malamai, masu duba makarantu za su zo ranar Alhamis. Na duba hatimin da ke jikinta, mako biyu ke nan da isowarta, tana kwance a aljihun teburinsa. Ban tsaya rufe ofis ba na nufi gona. Na tarar da Yaya a tsakiyar ciyawa, kansa da kafaɗunsa kawai ake gani. Na gaya masa, ya share gumi da hula ya ce to, za su ga filayen yara da littattafansu.

A nan ne bakina ya yi abin da ya saba. Na ce mutanen nan ciyawa za su gani, ba za su sunkuya su karanta sunan Barkono a jikin turke ba. Na ce taurin kai ba ibada ba ne, garin neman gira zai rasa ido. Na ce rana ɗaya tak, Malam Ƙararrawa ya ba shi yara su share wurin, baƙi su zo su tafi, ranar Juma'a ya koma wa aƙidarsa, wa zai tuna? Ya ce yara sha bakwai za su tuna.

"In aka soke darasin, a ina za ka koyar da sha bakwan?" na ce. "A tsakar gidanka? Baba ya faɗa tun farko, ba ka ji ba."

Ya sunkuya ya ci gaba da sara, na tsaya ina kallon ƙashin bayansa ta cikin riga, ina jin daɗin na faɗi gaskiya. Ranar Talata ya kwashe yammacin duka da yaransa suna cira da hannu, ko kashi ɗaya cikin goma ba su ci ba. Ranar Laraba da safe na hango shi ta tagar ofis, ya jingine keke, ya nufi get inda abokinsa ke tsaye. Ya tsaya a gefensa yana yi masa magana, kansa a ƙasa kamar mai neman alfarma a gidan surukai.

Malam Ƙararrawa mutumin kirki ne, kuma kirkin nasa ne ya ƙarasa mu. Don ya taimaki abokinsa da hannuwa masu yawa, sai ya ja get ya rufe saura minti goma lokaci ya cika. Ya kama tamanin a waje. Ya zagaya ajujuwa ya ƙaro masu safa mai launi da masu dogon farce, suka haura ɗari. Yawancinsu sun san ba su makara ba, suna nuna agogo ana daka musu tsawa. A cikinsu har da biyar daga cikin sha bakwan Yaya, har da Barkono. Fartanya talatin ce a sito, sauran aka raba musu adduna da laujen masu gadi, aka sa manyan ɗalibai masu bulala su tsaya a kansu.

Ko minti goma ba a yi da farawa ba shugaba ya ce in kira masa malamin noma, a haɗa fayilolin da baƙi za su duba. Ni na je da ƙafata na kira shi. Ya ce wa babban ɗalibin da ke wurin kada a taɓa kusurwar famfo, a bi masara a hankali, ya biyo ni. Awa biyu muka riƙe shi a ofis, tsarin darussa na shekara uku, rajistar aji, sa hannu nan, sa hannu can. Yana yi yana waigen taga, amma daga ofis ba a hango gona, ginin aji uku ya tare. Babban ɗalibin kuwa abin da ya saba ji tun yana aji ɗaya shi ya faɗa wa yara: a share komai, wanda ya bar abu ɗaya a tsaye a layinsa zai maimaita gobe.

Da muka fito na bi bayansa. Gonar ta zama fili, kana tsaye a bakin banɗaki kana hango katanga. Masara, wake, kabeji, karas, duk an kwantar an tara tare da ciyawa tsibi tsibi. Turakun sunaye na cikin ramin taki. Wasu yaran da gangan suka yi, na ga suna ƙyafta wa juna ido, wasu kuma ba su taɓa sanin yadda wake yake kafin ya shiga buhu ba. Ban ga laifin ko ɗaya ba. An kama mutum bai yi komai ba an ba shi adda, me ake so ya sara?

Barkono na durƙushe a inda tumatirinta yake da. An ce ta tsaya a gabansa ta hana, aka ce ko ta sara ko ta durƙusa, ta durƙusa, wani ya sare a kan idonta. 'Ya'yan sun fara nuna, suna warwatse a ƙasa an tattake. Da ta ga Yaya ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwa, ta miƙa masa addar da aka ba ta. Yarinyar da bakinta ba ya hutawa, abin da ta ce kawai shi ne, "Malam, ai ka ce an daina." Ya karɓi addar da hannu biyu.

Baƙi suka zo ranar Alhamis, su uku, maza biyu da mace mai dogon takalmi. Suka tsaya a bakin gonar minti biyar. Shugaba na gefe, fuskarsa cike da alhini kamar mai karɓar gaisuwa. Yaya ya kawo littattafan yara sha bakwai, babban baƙin ya buɗe biyu, ya yaba rubutun, ya ce su abin da suka gani suke rubutawa, ba abin da aka ce da akwai ba. Fili ne mai tsabta, amma babu shuka ko ɗaya. Da suka dawo ofis ina zuba musu ruwa, sai babban nasu ya ce wa Yaya, wai don ya sanyaya masa rai, "Malam, da ka bar ta yadda take. Ciyawa ai ba laifi ba ce, duk gonar da muka je akwai ta. Da mun ga shuka a ciki, gargaɗi kawai za mu rubuta mu wuce." Ruwan ya cika kofi ya zubo a kan tebur, sai da matar ta taɓa hannuna na sani.

Bayan wata ɗaya amsa ta zo, shugaba ya ba ni in buga wa Yaya tasa. An soke darasin noma daga zango mai zuwa, ɗalibansa za a raba su tsakanin kasuwanci da adabi, filin kuma makaranta za ta yi amfani da shi yadda ta ga ya dace. Layi shida ne, sau uku ina bugawa ina ɓatawa. Ya zo ya karanta a tsaye, ya sa hannu a kwafin ofis, ya ciro makullin sito daga aljihu ya ajiye min. Na ce, "Yaya, ka yafe min, ni na sa ka."

"Ke magana kika yi, Auta," ya ce. "Ni na taka da ƙafata na je get."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Baki shi ke yanka wuya, amma nawa bakin wuyan wani ya yanka, kuma mai wuyan har yau in ya sayo lemo sai ya aiko wa 'ya'yana. Ina jin haushin shugaba, ina jin haushin mutanen da suka tsaya minti biyar a kan aikin shekara ashirin da uku, ina jin haushin duk malamin da ya taɓa cewa yaro ya wuce gona. Amma in na gama zagayen nan kaina nake dawowa.

Da rani ɗan kwangila ya kawo gireda. Suka haƙa suka ce ƙasar ta yi laushi da yawa, ba za ta ɗauki gini ba, sai an kwashe ta an zuba tsakuwa. Kwana huɗu tifa na shiga tana fita. Direban ya tambayi mai gadi wa ya yi wannan ƙasa, ya ce ya daɗe yana aikin nan bai ga irinta a cikin gari ba, masu sayar da furanni har rububinta suke. Mai gadi ya nuna masa Yaya, yana zaune a ɗakin malamai ba shi da aji. Direban ya ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗaga.

Ƙarshen shekara Malam Ƙararrawa ya yi ritaya. Aka duba wane malami ne ba shi da darasi, aka ga Yaya, saura shekara uku shi ma ya ajiye aiki. Ni na buga takardar naɗa shi malamin horo. Ɗakin taron bai wuce tsayin taga ba aikin ya tsaya, amma an riga an malale wurin ajiye motocin da siminti daga banɗaki har katanga.

Yau da safe na wuce Yaya a bakin get, littafin makararru a hannunsa. Bai taɓa rufewa kafin lokaci ba, yakan ma ƙara musu minti biyar, duk da haka su talatin da ɗaya ne a durƙushe. Ya rubuta sunayensu ɗaya bayan ɗaya da kyakkyawan rubutun nan nasa, ya raba musu tsintsiya, ya bi bayansu a hankali suka tafi share simintin.